Na sake rubuta sashen hanyar fayil daga tushe, sunan wa zai tsaya a kansa?

"Assalamu alaikum Malam. Ina cikin masu ba da gudummawa ga wani laburaren kod na buɗaɗɗen tushe. Sashen da ke sarrafa hanyar fayil, wato adireshin da ke nuna inda fayil yake a kwamfuta, ya tsufa ƙwarai. Mutum uku ne suka rubuta shi shekaru da dama da suka wuce, biyu daga cikinsu ma sun daina aiki da mu. Na sake rubuta shi gaba ɗaya, na canza sunayen fankshin da yawa, na gyara matsalolin Windows. Layukan tsohon kod da suka rage ba su taka kara sun karya ba. A saman fayil ɗin akwai sunayensu da sanarwar haƙƙin mallaka, lasisinmu kuma Boost ne. In cire sunayensu in sa nawa, ko in bar su in ƙara nawa? Ba na son cin haƙƙin kowa, kuma ba na son a jingina musu aikin da ba su yi ba. Sannan me ya kamata in kula da shi kafin in miƙa sabon sashen?"

Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka kyauta da ka tsaya tambaya kafin ka goge, domin da yawa sai bayan rigima ta tashi suke neman shawara. Idan na fahimce ka, so kake ka san ko sake rubutu daga tushe ya mayar da fayil ɗin naka kai kaɗai. Amsata ita ce ka ƙara sunanka, ka ma sa shi a gaba in masu kula da laburaren sun yarda, amma kada ka taɓa nasu. Abu biyu ne a saman fayil ɗin nan waɗanda mutane ke haɗawa alhali hukuncinsu daban: sanarwar haƙƙin mallaka, wadda lasisi ya ɗaure ka da ita, da layin marubuta, wanda al'adar masu aikin ke tafiyar da shi. Kafin in zo kansu zan fara da tambayarka ta ƙarshe, saboda in ka gwada sabon sashen yadda ya kamata, gwajin da kansa zai nuna maka yawan abin da ka gada daga mutanen nan uku.

Inda wahalar sashen take

Sashen hanyar fayil yana yaudarar ido. In ka kalle shi, yankan rubutu ne kawai da haɗa shi: ka nemo alamar / ta ƙarshe, ka ɗauki abin da ke bayanta, ka samu sunan fayil. Ɗalibi ma zai rubuta wannan a zama ɗaya. Abin da ke cin shekaru shi ne hukuncin da aka yanke a kan kowace hanya mai gardama, kuma manyan harsunan shirya manhaja ma bakinsu bai zo ɗaya ba a kansu.

Ɗauki `/usr/lib/` mai alamar / a ƙarshe. Ka tambayi `basename` na POSIX, wato ƙa'idar da tsare-tsare irin na Unix ke bi, zai ce maka `lib`. Ka tambayi `os.path.basename` na Python, zai miƙo maka rubutu wanda babu komai a ciki, kuma bayanin Python ya faɗi wannan bambanci a fili. Ko ka haɗa `/a` da `/b`. Python da Rust za su jefar da na farko su ba ka `/b`, domin a wurinsu hanya ta biyu cikakkiya ce daga tushe. Go da Node.js kuwa za su ba ka `/a/b`. Fayil mai suna `.bashrc` fa, yana da wutsiyar suna irin `.txt` ko babu? Na `ajiya.tar.gz` kuma `.gz` ce ko `.tar.gz`? Babu wanda ya yi kuskure a cikinsu. Kowa ya zaɓa ne, kuma laburarenku ma ya zaɓa tun kafin ka zo, mutane kuma sun gina manhajojinsu a kan zaɓin.

Windows ya fi ko'ina tarko. Lokacin da MS-DOS 2.0 ya shigo da folda a 1983, alamar / ta riga ta zama ta zaɓin umarni, shi ya sa aka ɗauki \ a matsayin marabi, ko da yake tsarin yana karɓar duka biyun a mafi yawan wurare. Daga nan abin ya yi rassa. `C:\rahoto.txt` cikakkiyar hanya ce. `C:rahoto.txt` kuwa, da babu marabi bayan ɗigo biyun, tana nufin fayil ɗin da ke cikin foldar da ake ciki a faifan C, wato ba cikakkiya ba ce. `\rahoto.txt` ta fara daga tushe, amma tushen wane faifai? Na wanda ake kai a lokacin. Saboda haka tambayar "hanyar nan cikakkiya ce?" da tambayar "tana da tushe?" amsarsu ɗaya ce a Linux, amma a Windows tambayoyi biyu ne, kuma sabon kod da yawa a nan yake faɗuwa. Sai hanyoyin sadarwa masu farawa da `\\`, inda sunan sabar da sunan rabon suke zama tushe wanda `..`, alamar hawa foldar da ke sama, ba ya haurawa. Sai masu farawa da `\\?\`, waɗanda ke tsallake iyakar haruffa 260 kuma Windows ba ya tace su, don haka kai ma bai kamata ka juya musu marabi ba. Sai sunayen da aka keɓe irin su CON, NUL, PRN, AUX, COM1 da LPT1. Ko a ɓangaren POSIX akwai wata ƙa'ida da ake yawan mantawa: hanyar da ta fara da / guda biyu cif, ma'anarta tana hannun tsarin da ake kai, amma uku ko fiye daidai suke da ɗaya.

Wanda na fi so ka zauna a kansa shi ne `..`. A ce an ba ka `a/b/../c` ka tsabtace. Ido zai ce `b` da `..` sun kashe juna, saura `a/c`. To idan `b` simlink ne, wato mahaɗi mai nuni zuwa `/x/y`, tsarin Unix zai bi mahaɗin tukuna sannan ya hau sama, sai ya sauka a `/x/c`. Fayil biyu ne daban, kuma in aikin gogewa ne, ka goge abin da ba a sa ka ba. Rob Pike ya rubuta maƙala guda a kan wannan matsala a shekarar 2000 lokacin aikin Plan 9, kuma har yau bayanin `filepath.Clean` na Go yana ambaton maƙalar. Shi kuwa `pathlib` na Python ya ƙi share `..` da kansa, sai ka kira `resolve`, wanda ke zuwa ya tambayi faifai. Shawarata ita ce ka raba fankshin ɗinka gida biyu, masu aiki da rubutu kawai da masu taɓa faifai, kuma sunan kowanne da bayaninsa su nuna gidan da yake.

Wannan ba ƙwaƙƙwafi ba ne. Manhajar da ke buɗe ƙunshin fayiloli ta haɗa foldar da aka nufa da sunan da ke cikin ƙunshin, in sunan yana ɗauke da `../../`, za ta rubuta a wajen foldar. An ba wa irin wannan rami a `tarfile` na Python lambar CVE-2007-4559 tun 2007, kuma sai a Python 3.12 na 2023 aka shigo da matatar da ke toshe shi. A 2018 kamfanin Snyk ya bayyana irinsa a laburare masu yawa da sunan Zip Slip.

Na ƙarshe shi ne abin da ake ajiye hanyar a cikinsa. A Linux sunan fayil jerin bayit ne, komai ya halatta ban da / da bayit na sifili, ko da bai karantu a matsayin UTF-8 ba. A Windows raka'o'in UTF-16 ne waɗanda su ma ba dole su zama ingantattu ba. Python ya warware nasa da takardar shawara mai lamba PEP 383 a 2009, Rust ya ware nau'in `OsString`, laburaren `filepath` na Haskell kuma sai a 2022 ya samu `OsPath`. In sabon sashenka ya ɗauka cewa kowace hanya ingantaccen rubutu ce, akwai fayilolin da ba zai taɓa iya buɗewa ba.

Gwajin da nake nema kafin in amince da sabon rubutu

Duk lokacin da aka kawo mini irin wannan aiki in duba, abu ɗaya nake fara nema. A ajiye tsohon sashen a gefe da wani suna, a zaɓi haruffa bakwai, wato /, \, ɗigo, ɗigo biyu (:), tazara, `a` da `C`, a sa kwamfuta ta haɗa duk wani rubutu da za a iya yi da su daga tsawon sifili zuwa shida. Ba su kai dubu 140 ba, cikin daƙiƙoƙi za a gama. Kowanne a ba wa tsohon fankshin da sabon, a yanayin Windows da na POSIX, a fitar da jerin wuraren da amsa ta bambanta. Sai ka zauna da jerin nan ka sa wa kowane bambanci suna: tsohon kuskure ne da ka gyara, ko canji ne da ka yi da gangan, ko sabon kuskure ne da ka shigo da shi. Kashi na biyu duka dole ya shiga takardar canje-canje. Na uku kuma, in ka yi gaskiya, za ka same shi.

Na ga wannan da idona a wani aiki da na duba. Tsohon kod yana da wani sharaɗi mai muni a fankshin ɗin haɗa hanya: in ɓangaren farko haruffa biyu ne kuma na biyun ɗigo biyu ne, kada a sa marabi. Babu sharhi a kansa, wanda ya sake rubutun kuma ya ɗauke shi shara. Gwajin ya nuna cewa haɗa `C:` da `a` ya koma ba da `C:\a` maimakon `C:a`, wato fayil ɗin ya tashi daga foldar da ake ciki ya koma tushen faifai. Ruwa ba ya tsami banza. Kafin ka jefar da layin da ba ka gane ba, ka nemo shi da `git log -S` a Git, manhajar da ke ajiye tarihin kod, ka karanta saƙon da aka shigar da shi, sau da yawa za ka tarar da rahoton wani da abin ya cutar.

Kan canjin sunaye, kada ka kashe tsofaffin rana ɗaya. Ka bar su suna kiran sababbin, da gargaɗin cewa za a janye su. Python ya shigo da `pathlib` na Antoine Pitrou a sigar 3.4 a 2014, bai cire `os.path` ba har yau, kuma sai da sigar 3.6 ta zo a 2016 sauran laburaren suka fara karɓar sabon nau'in kai tsaye. Amma ka kula: in tsohon suna da sabon suna ba su ba da amsa ɗaya a wurare masu gardama, kada ka mayar da tsohon ya zama laƙabin sabon a ɓoye. Gara ya ci gaba da halinsa na da har ranar da za a cire shi.

Yanzu ka dubi ɗaya gefen jerin, wato dubban wuraren da amsar tsohon da ta sabon suka zo ɗaya. A wurare masu gardama, me ya sa suka zo ɗaya? Domin ka bi hukuncin mutanen nan uku. Su suka yanke cewa `.bashrc` ba shi da wutsiya, su suka gano matsalar `C:a`, kai ka sake bayyana hukuncin da kyakkyawan kod. Wannan aiki ne babba, kuma naka ne. Amma shi ya sa ƙirga layukan da suka rage ba ya gamsar da ni a matsayin ma'aunin wanda ya yi aiki a irin wannan sashe.

Abin da lasisi ya ɗora maka

Lasisin Boost na 2003 gajere ne, ka karanta shi da kanka. Ya ce sanarwar haƙƙin mallaka da rubutun lasisin dole su kasance a cikin kowane kwafi, cikakke ne ko wani ɓangare, da kowane aikin da aka samo daga gare shi, sai dai in abin da ake rabawa kod ne da aka riga aka juya zuwa harshen na'ura. Kalmar "wani ɓangare" ta shafe ka kai tsaye, tunda ka ce akwai layukan da suka rage. Ka ƙirga su da gaske, kuma ka haɗa da gwaje-gwaje da misalan da ke cikin bayani, domin su ma rubutu ne mai haƙƙi, kuma su ne aka fi kwashewa ba tare da an lura ba. Aikin GNU yana ɗaukar abin da ya wuce kimanin layi 15 a matsayin gudummawar da ke da nauyi a shari'a. Wannan ma'auninsu ne na cikin gida, ba dokar wata ƙasa ba, amma yana nuna maka ƙanƙantar adadin da masu taka-tsantsan ke tsayawa a kai.

A ce ma babu layi ɗaya da ya rage. Gaskiya ne dokar haƙƙin mallaka tana kare yadda aka bayyana abu, ba tunanin da ke ƙarƙashinsa ba. Gaskiya ne kuma a 2021 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke cewa kwafin kimanin layuka 11,500 na sunaye da tsarin Java da Google ya yi amfani ne na adalci, ko da yake hukuncin na Amurka ne kuma kotun ba ta ce irin waɗannan layuka ba su da haƙƙi ba. Amma wanda ke son ya tabbatar da cewa aikinsa bai samo asali daga na wani ba, akwai hanyar da ake bi. A 1984 kamfanin Phoenix ya sake rubuta BIOS na IBM, manhajar da ke tayar da kwamfuta, ta hanyar raba ma'aikata gida biyu: waɗanda suka karanta na asali suka rubuta bayanin abin da yake yi, sai wasu da ba su taɓa ganinsa ba suka rubuta kod daga bayanin. Kai kuwa tsohon fayil yana buɗe a rabin allonka lokacin da kake rubuta sabon. Lauya zai iya kare ka, wani lauyan kuma zai iya ƙalubalantarka. To me za ka samu in ka ci wannan gardama? Lasisin bai canza ba, sunanka zai hau ko ta yaya. Ribar cirewa layi uku ne da suka ragu a saman fayil.

Goge sanarwa kuma ba ya goge haƙƙi. A ƙarƙashin Yarjejeniyar Berne ta 1886, haƙƙin mallaka yana tabbata ne da zarar an rubuta abu, ba sai an sa sanarwa ba. Abin da gogewa ke yi shi ne ta saɓa sharaɗin lasisin da ya ba ka izini tun farko, ta kuma ɓatar da sawu ga wanda zai zo daga baya yana neman masu haƙƙi. Sauran lasisai ma haka suke, wasu har da ƙari. MIT da BSD suna buƙatar a riƙe sanarwa. Apache 2.0 na 2004 ya ƙara da cewa fayil ɗin da aka canza ya faɗi an canza shi, a kuma riƙe abin da ke cikin fayil ɗin NOTICE. GPL yana son a faɗi an canza tare da kwanan wata.

Tarihi ya nuna wannan ba ƙaramar magana ba ce. A 1992 reshen AT&T mai riƙe da Unix ya kai ƙarar kamfanin BSDi, daga baya ya haɗa da Jami'ar Kalifoniya, kan zargin kwafin kod. Jami'ar ta mayar da martani da tata ƙarar, cewa an ɗauki kod ɗin reshenta na Berkeley an zuba a System V, Unix ɗin AT&T, ba tare da ambaton masu shi yadda lasisi ya buƙata ba. An sasanta a 1994, aka cire fayil uku daga cikin kimanin 18,000, aka ƙara sanarwa a kan wasu kimanin 70. Rashin ambaton suna shi ne makamin da ya raunana mai ƙarar farko. A 2007 ma an yi zazzafar rigima tsakanin mutanen OpenBSD da na Linux a kan direban katin Atheros, lokacin da wani gyara da aka gabatar ya taɓa sanarwar lasisin asali, har sai da lauyoyin Software Freedom Law Center suka shiga suka bi fayilolin.

Layin marubuta

Nan kuma ba doka ke magana ba, kuma damuwarka ta biyu tana da tushe. Sunan da ke saman fayil yabo ne, amma kuma shi ne wanda ake nema in abu ya lalace. Bai dace mutumin da ya bar aikin tuntuni ya riƙa samun wasiƙun ƙorafi a kan kod ɗin da bai taɓa gani ba. Maganin wannan shi ne layin ya faɗi gaskiyar abin da ya faru. Ka rubuta cewa kai ka sake rubuta sashen a shekara kaza, bisa tsari da aikin asali na wane da wane da wane. A layin haƙƙin mallaka ka bar sunayensu da shekarunsu yadda suke, ka ƙara naka layin da taka shekarar. Jimla ɗaya ta raba wa kowa nasa, ta kuma nuna wa mai ƙorafi ƙofar da zai ƙwanƙwasa.

Akwai misalai kusa da naka. A 2011 Lars Kyllingstad ya sake rubuta `std.path` na laburaren Phobos na harshen D, ya canza sunaye irin su `getExt` zuwa `extension` da `join` zuwa `buildPath`, kuma layin marubutan sashen ya ɗauki sunansa tare da na Walter Bright da sauran waɗanda suka riga shi. Boost.Filesystem, wanda shi ne tushen `std::filesystem` na C++17, Beman Dawes ne ya fara shi. Ya rasu a 2020, Andrey Semashev ke kula da shi yanzu kuma ya canza abubuwa da yawa, amma in ka buɗe fayilolin za ka ga sunan Dawes da shekarunsa, na Semashev a ƙasa da nasa shekarun.

Wasu ayyukan ba sa son sunaye a cikin fayil kwata-kwata, kuma hujjarsu ba banza ba ce. Gidauniyar Apache ta shawarci ayyukanta a 2004 su daina sa alamar marubuci a kod, domin kada mutum ya ɗauki fayil gonarsa, wasu su ji nauyin taɓawa. Fayilolin Go suna cewa haƙƙin na marubutan Go ne a dunƙule. Tsohon lasisin BSD ma ya nuna inda yawan ambato ke kaiwa: sharaɗinsa na ambaton masu kod a kowace talla ya taru har Richard Stallman ya ƙirga irinsa 75 a NetBSD a 1997, Jami'ar Kalifoniya kuma ta janye sharaɗin a 1999. In laburarenku yana son ya koma wannan tsari, shawara ce ta masu kula da shi gaba ɗaya, a yi ta a fili, ta shafi dukan fayiloli, kuma ba ta shafi sanarwar haƙƙin mallaka ba sai da yardar masu ita. Bai kamata ta shigo a ɓoye cikin gyaran mutum ɗaya a fayil ɗaya ba.

Za ka ji ana cewa tarihin Git ya isa ya riƙe sunan kowa. A gyara na yau da kullum na yarda. A sake rubutu daga tushe ban yarda ba. Ranar da aka karɓi aikinka, `git blame`, umarnin da ke nuna wanda ya taɓa kowane layi a ƙarshe, zai nuna sunanka a kusan kowane layi, nasu ya nutse sai wanda ya tona. In ka haɗa da sauya wa fayil ɗin wuri, Git yana gane ƙaura ne ta kamanni, kuma ma'auninsa na asali kashi 50 cikin ɗari ne, don haka `git log --follow` zai yanke a kanka. Wanda ya sauke laburaren a ƙunshe ko ya kwafi fayil ɗin zuwa aikinsa ba ya samun tarihi ko kaɗan. Saman fayil ɗin shi ne wuri na ƙarshe da ake ganin mutanen nan, kuma daidai lokacin ne kake tunanin gogewa. Shi ya sa nake cewa in za ka sauya wa fayil wuri, ka yi ƙaurar ita kaɗai a komit ɗaya, wato ajiyar canji ɗaya a Git, sake rubutun a wani. A saƙon komit ɗin ka ambaci cewa aikin ya ginu a kan na wane da wane. Amma kada ka sa su a `Co-authored-by`, domin wannan yana nufin sun sa hannu a wannan canjin, kuma shi ne jingina musu abin da ba su yi ba da kake gudu.

Sannan ka rubuta musu. Wasiƙa gajera: ga abin da na yi, ga yadda na rubuta saman fayil ɗin, akwai abin da kuke so a canza? A abin da na gani, yawanci murna suke yi, wani ma ya tuna maka dalilin wani layi da ka rasa gane kansa. In ɗayansu ya ce a cire shi daga layin marubuta, ka cire, haƙƙinsa ne. Sanarwar haƙƙin mallaka kuwa sai ya faɗa a rubuce a inda masu kula da laburaren za su gani. Wanda bai amsa ba, sunansa na nan yadda yake.

Kada ka manta da waɗanda ba sa cikin ukun. In ka leƙa `ntpath` na Python ko kod ɗin Go don ganin yadda suka bi da hanyoyin sadarwa, ka sa sharhi a wurin ka faɗi inda dabarar ta fito, kamar yadda Go ya yi da maƙalar Pike. In kuwa kwafi ka yi, lasisinsu ya biyo ka, kuma ba kowanne ke shiga laburare mai lasisin Boost ba: kod ɗin glibc yana ƙarƙashin LGPL, amsoshin Stack Overflow kuma suna ƙarƙashin CC BY-SA, MIT da BSD ma suna da sharaɗin ambato a rabon manhajar da aka juya wanda Boost ba shi da shi. Wanda ya kawo rahoton kuskuren Windows da ka gyara, shi ma a ambace shi a saƙon komit, yadda masu Linux ke yi da `Reported-by` da `Suggested-by`.

Ni mai rubuta kod ne da duba shi, ba lauya ba, kuma dokar haƙƙin mallaka tana bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. Abin da na faɗa ya ishe ka muddin lasisin zai ci gaba da zama Boost kuma ƙari kawai za ka yi. In maganar canza lasisi ta taso, ko wani ya yi iƙirarin an kwafi nasa, a nemi lauyan da ya san manhaja. Haka nan kafin ka rubuta naka layin, ka duba takardar aikinka in kana aiki a kamfani, domin wasu kwantiragin suna mallaka wa kamfani kod ɗin da ma'aikaci ya rubuta, musamman a lokacin aiki ko da kwamfutar ofis. In haka ne, sunanka zai hau layin marubuta, amma sunan kamfanin ne zai hau layin haƙƙin mallaka, kuma sai ka samu izininsu a rubuce kafin ka miƙa sashen.